Shin Taba Gari Za Ta Fid Da Mai Shan Sigari?

Akwai wata shawara da a ke ba mashaya sigari a zamanin nan, ta kuwa iso mana nan Katsina. Wai wanda ya kasa barin taba, to, ya bar ta hayaƙi ya koma ga ta gari, watau wadda a ke ƙunsawa a baki ko a shaƙa a hanci. Masu wannan magana da ƙasar Suwidin su ke kafa hujja. Maganar tana da tushe, amma an yanke mata wutsiya kafin ta zo.

Katsinawa dai ba baƙin taba ba ne. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka birnin nan a 1853 za shi Tambutu, sai da ya yi guzurin tabar Katsina, domin har can ana darajanta ta. Kakanninmu a lofe su ke shanta, ko su daka ganyen da kanwa su ƙunsa, mata kuwa su goga furenta a haƙora. Sigari daga baya ta zo, ta daɗa ƙarfi a Arewa bayan da Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe ma'aikata a Zariya a 1959. A shekarun nan ne kuma asirinta ya tonu. A 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Doll da Hill, su ka nuna dangantakarta da ciwon daji na huhu, a 1964 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya tabbatar.

Abin da ke kama mutum a cikin taba shi ne nikotin, amma yawancin cutar daga ƙonewar ganyen ta ke fitowa. Nan ne hujjar Suwidin ta ke. Mazajen ƙasar da yawa sun bar sigari sun koma ga wata danyar taba mai suna snus, wadda a ke sa wa ƙarƙashin leɓe. Yau suna cikin mafi ƙarancin masu shan sigari da masu ciwon huhun nan a Turai. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ta yarda a tallata wani irin snus da cewa ya fi sigari sauƙin lahani.

To, amma snus ba taba gari ba ne. Shi a ma'aikata a ke yinsa, a turara shi da zafi don kashe ƙwayoyin da ke haifar da dafin da ke jawo ciwon daji, a auna dafin, sa'an nan a ajiye shi cikin sanyi. Tamu kuwa a shanya, a daka, a zuba kanwa da ƙiyasin hannu, a ƙulla a leda. Kanwar nan ba don daɗi kaɗai ta ke ba, ita ke sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri, shi ya sa mai ƙunsa ke shan wuyar bari. In ana neman 'yar'uwar tabarmu, sai a duba tumbak ta Sudan, wadda ita ma da kanwa a ke haɗa ta. Da aka auna ta, an sami dafin nan ya ninka na snus nesa ba kusa ba, likitocin can kuma sun daɗe suna danganta ta da ciwon daji na baki. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tabar da ba a ƙonawa cikin abubuwan da lalle suna jawo shi, a baki da hanyar abinci.

Saura kuma yardar mashayan kansu. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2012 ta sami manya wajen miliyan 3.1 masu shan ta hayaƙi, miliyan 1.6 masu ƙunsa ko shaƙa. A ganinmu samarin birni ba su ɗokin shiga kashi na biyu. Su a wurinsu taba gari ta tsofaffi ce da mutanen ƙauye, ga tofar da yawu, ga rinin haƙora. Wanda ya yarda ya gwada kuwa, sau da yawa ba musanya ya ke yi ba, ƙari ya ke yi: ƙunsa a ofis da cikin mota, inda dokar taba ta 2015 ta hana hayaƙi, in ya fito ya kunna kara. Wannan ya gudu bai tsira ba. Ba ma musun cewa wanda ya bar hayaƙi ɗungum ya hutar da huhunsa da na iyalinsa, amma bakinsa ya ɗauki kayan.

Dokar nan ta ce a buga gargaɗi a jikin kowane kwalin taba, ƙullin leda kuwa ba ya ɗauke da rubutu. Saboda haka bari mu faɗa a nan. Duk mai ƙunsa taba da ya ga farin tabo a dasashi ko cikin kunci, ko miki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ya tafi asibiti a duba shi, kada ya tsaya shafa kanwa.