Trespass

Trespass kalma ce ta Turanci da ta samo asali daga tsohon Faransanci, trespasser, wato ƙetarewa. A yau tana nufin shiga fili ko gidan wani ba da izininsa ba. A Sinanci ana fassara ta da shanzi jinru ko feifa qinru. A addu'o'in coci kuma tana nufin zunubi.

Ɗalibai Sinawa kan yi tuntuɓe wajen aikatau ɗin, domin qinru yana ɗaukar karɓau kai tsaye, alhali trespass yakan buƙaci on kafin sunan wurin. Feifa, wato saɓa doka, ma tana iya ruɗa su: a dokar Ingila, shiga filin wani yawanci maganar ƙarar diyya ce, ba laifin ɗauri ba.