Baƙar Fata da Baƙon Harshe a Wasannin Talabijin Masu Dogon Zango

Wasa mai dogon zango shi ne wanda ake nunawa kashi-kashi, labarin yana tafiya wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. Asalinsa daga rediyon Amurka yake, cikin shekarun 1930, lokacin da kamfanonin sabulu ke biyan kuɗinsa domin tallar hajarsu. Da ya koma talabijin, an daɗe ba a ganin baƙar fata a cikinsa sai a gefen labari. Sai a 1989 tashar NBC ta fito da Generations, wanda tun farkonsa ya kafa gidan baƙar fata kafaɗa da kafaɗa da na Turawa, amma a 1991 aka tsai da shi. A 2025 kuma CBS ta soma Beyond the Gates, wanda iyalin baƙar fata ne ginshiƙinsa.

A ƙasar Hausa al'amarin ya sake kama, gama masu wasa da masu kallo duk baƙar fata ne. Hasken fata yana da nasa tasiri wajen zaɓen 'yan wasa mata, amma babban ma'aunin da ake rarrabe mutane da shi harshe ne. In ana so a nuna baƙo, sai a karya masa Hausa: ya ce "kasa" maimakon "ƙasa", ko ya ce wa mace "ka zo". Wannan yana da tushe, domin Fulatanci, alal misali, ba ya raba suna zuwa namiji da mace, rukunoni yake da su masu yawa. Illar ita ce a mai da tuntuɓen harshe shaidar wauta.

Ba dole ba ne haka ta kasance. Usman Baba Pategi, mutumin ƙasar Nupe kuma tsohon soja, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna a Kaduna tun shekarun 1970 da wasan Samanja Mazan Fama. Hausar bariki yake yi, ana dariya, amma shi ne mai ba da oda. Haka kuma Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ya sa Kirista irin su Stephanie cikin 'yan gari, suna da nasu buri da nasu baƙin ciki.

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, wurin gwada wannan magana ce. Wanda ya shiga kasuwar Shuwarin kusa da Dutse zai ji Hausa da Fulatanci suna tafiya tare, can arewa maso gabas kuma akwai Mangawa da Badawa. Yaron rugar da ke kallo a waya ko a shagon mai shayi, in kullum ya ga mai magana irin ta mahaifinsa shi ake yi wa dariya, ba da jimawa ba zai soma jin kunyar harshen gidansu, kuma ta wannan ƙofa harshe kan bar bakin yara.

Saboda haka ƙidayar fuskoki ba ta isa a ce an yi adalci ba. Abin dubawa shi ne wa aka ba hankali cikin labarin, wa aka ba soyayya, wa kuma ake saurara in ya yi magana.