Cibiyar Nazarin Teku ta Sapelo: Hasashen da Ya Ceci Fadama Kafin a Gama Auna Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi ayyukan masanan Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Jojiya da ke tsibirin Sapelo a Amurka, tun daga kafuwarta a shekarar 1953. An mayar da hankali ga tambaya guda da ta daɗe tana jan ragamar bincikensu: ina ciyawar fadamar gishiri take tafiya bayan ta mutu, kuma wa take ciyarwa? An nuna yadda amsar farko ta taimaka wajen kafa dokar kare fadamun jihar a 1970, da yadda masanan cibiyar suka dawo da kansu suka gyara amsar.

Fitilun kalmomi: fadamar gishiri, Sapelo, kabon, sarƙar abinci, hasashen kwarara.

1.0 Gabatarwa

Fadamar gishiri ƙasa ce mai laka da ke tsakanin tudu da teku, wadda ruwan gishiri yake rufewa ya janye sau biyu a kowace rana. A gaɓar jihar Jojiya, tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa takan kai mita 2 zuwa 3. Tsirrai kaɗan ne suke jure wannan hali, shi ya sa ciyawa ɗaya mai suna Spartina alterniflora ta mamaye fadamun iyakar ganin ido. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yawancin mutane matattarar sauro suke ɗaukar irin wannan wuri, wanda amfaninsa kawai a cike shi da ƙasa a yi gini. Sauyin wannan fahimta yana da alaƙa ta kai tsaye da aikin da aka yi a Sapelo.

2.0 Tsibirin da Mutanensa

Sapelo yana kudu da birnin Savannah, kuma babu gada da ta haɗa shi da tudu, sai dai a shiga jirgin fito. Mazaunansa na asali a yau su ne al'ummar Gullah-Geechee ta ƙauyen Hog Hammock, jikokin bayin da suka yi noman auduga da rake a wurin. Daga cikin kakanninsu akwai Bilali Muhammad, Musulmi daga Futa Jalon, wanda ya bar rubutun Larabci mai shafi 13 kan alwala da salla. Wannan rubutu ne masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna wa malaman Arewacin Nijeriya kafin ya wallafa nazarinsa a 1940.

Attajirin taba R. J. Reynolds ƙarami ya sayi mafi yawan tsibirin a 1934, kuma shi ne ya ba masanan Jami'ar Jojiya wurin aiki a tsohon ginin shanun madararsa. Jagoran tafiyar shi ne Eugene Odum (1913–2002), wanda ya ɗauki muhalli a matsayin tsari guda da ake iya lissafa shiga da fitar kuzarinsa, kamar yadda ake lissafin ajiya a baitulmali. Matasan masana irin su Robert Ragotzkie da Lawrence Pomeroy da John Teal suka tare a tsibirin, suka shiga aunawa.

3.0 Lissafin Teal da Hasashen Kwarara

A shekarar 1962 Teal ya wallafa lissafin kuzarin fadamar Sapelo. Ya tattara abin da ciyawa da gansakukar saman laka suke samarwa a shekara, sannan ya cire abin da fara da ƙaguwa da katantanwa da bakteriya suke ci ko suke ƙonawa wajen numfashi. Abubuwa biyu suka fito. Na farko, ƙwarin da ke cin ɗanyar ciyawa ba sa cin ko kashi 10 cikin 100 nata, mafi yawanta tana mutuwa ne ta ruɓe ta zama ɓarɓashi. Na biyu, bayan an cire komai, kimanin kashi 45 cikin 100 ya rage ba a ga mai cinsa a cikin fadamar ba. Teal ya kammala da cewa ruwan da ke janyewa ne yake kwashe wannan ragi zuwa bakin kogi.

A kan wannan Odum ya gina abin da za a kira hasashen kwarara, wanda ya bayyana a 1968: fadama rumbu ce da take zubar da abinci zuwa teku, kuma kifi da jatan lande da kawa suna rayuwa ne a kan wannan kyauta. Abin lura a nan shi ne, ba a kama ɓarɓashin yana fita aka auna shi ba. Ta hanyar ragi aka samo adadin, don haka duk kuskuren da ke cikin sauran alƙaluman a kansa yake taruwa.

4.0 Daga Ɗakin Bincike Zuwa Majalisa

A wannan shekara ta 1968 kamfanin Kerr-McGee ya nemi izinin haƙar ma'adinin fosfet a gaɓar Jojiya, aikin da zai cinye fadamu masu faɗi. Odum da ɗalibansa suka fita wayar da kan jama'a, hujjarsu kuwa mai sauƙin ganewa ce: wanda ya kashe fadama ya kashe sana'ar masunta. A 1969 John da Mildred Teal suka fitar da littafi kan rayuwa da mutuwar fadamar gishiri, wanda ya kai batun ga masu karatu na gama-gari. A 1970 majalisar jihar ta zartar da dokar kare fadamun gaɓar teku, wadda ta hana cike su ko haƙa su sai da izinin hukuma. Albarkacin wannan doka, Jojiya mai gaɓar da tsawonta bai wuce kusan kilomita 160 ba tana riƙe da wani babban kaso na fadamun gishirin da suka rage a gabashin Amurka.

5.0 Shaidar Kabon

Gwajin hasashen daga cikin gida ya zo. Sinadarin kabon yana da nau'i biyu masu ɗorewa, kabon-12 da kabon-13, kuma kowane rukunin tsirrai yana ɗaukarsu a gwargwado na musamman, wanda yake zama tamkar shaidar mallaka a jikin duk dabbar da ta ci shi. A ma'aunin da ake amfani da shi, Spartina tana wajen −13, ƙananan tsirran da ke shawagi a ruwa kuma suna wajen −21. Evelyn Haines ta auna ɓarɓashin da ke yawo a ruwan Sapelo, ta wallafa sakamakonta a 1977. Shaidar da ta samu ta fi kusa da ta tsirran ruwa da na tudu, ta yi nisa da ta ciyawar fadama. A 1980 Scott Nixon na Jami'ar Rhode Island ya bi ayyukan shekaru 20 ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa hujjar kwarara ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1987 Bruce Peterson da Robert Howarth suka haɗa kabon da naitirojin da farar wuta, suka gano cewa dabbobin Sapelo suna dogaro ne da ciyawa da gansakuka tare, gwargwadon inda suke zaune. Steven Newell ya nuna cewa fumfuna tana fara cin ganyen tun yana tsaye a bushe, kafin ya faɗa laka. Wei-Jun Cai da abokan aikinsa kuwa, a ma'aunansu na kogin Duplin, sun tarar cewa fadama tana fitar da kabon mai yawa zuwa teku, amma babban kasonsa narkakke ne, wato ragowar numfashin ƙananan halittu. Ke nan akwai kwarara, sai dai siffarta ta bambanta da wadda aka zana tun farko. Haka kuma an ƙara fahimtar cewa ƙananan kifaye da jatan lande suna shiga fadama su yi kiwo su ɓuya, sannan su fice da abin da suka ci a jikinsu.

6.0 Katantanwa da Ƙaguwa

Akwai wani zato na biyu da ya daɗe: cewa gishiri da taki da ruwa ne kaɗai suke iyakance girman ciyawar, dabbobi ba su da tasiri. Brian Silliman da Mark Bertness sun gwada wannan a Sapelo ta hanyar kafa keji a cikin fadama, suka wallafa a 2002. Inda aka tara katantanwar Littoraria irrorata aka kuma hana masu cinta shiga, ciyawa mai tsayi ta koma fili na laka cikin wata 8. Katantanwar tana kankare ganye ne, fumfuna ta tsiro a cikin raunin, ita kuma ta dawo ta ci fumfunar. Masu rage yawanta su ne shuɗiyar ƙaguwa da kififfiya. Bayan farin da aka yi daga 1999 zuwa 2001, lokacin da fadamu suka yi ta mutuwa a kudu maso gabashin Amurka, binciken 2005 ya nuna cewa gungun katantanwa ya ci gaba da faɗaɗa ɓarnar da fari ya fara. Ma'anar wannan ita ce, yawan kamun ƙaguwa yana iya cutar da ciyawar da take ba ta mafaka.

7.0 Aikin Yau

Tun shekarar 2000 cibiyar ta zama mazaunin wani shirin bincike na dogon zango da hukumar kimiyya ta ƙasar take ɗaukar nauyi, wanda Merryl Alber da Steven Pennings suke cikin jagororinsa. Ana bibiyar gishirin ruwa da kwararar kogin Altamaha da tsayin laka shekara bayan shekara. Babbar tambayar yanzu ita ce hauhawar teku, wadda ma'aunin Fort Pulaski ya nuna ta haura milimita 3 a shekara. Fadama tana ɗaga kanta ta hanyar tare lakar da ruwa ya kawo da tara saiwoyi, amma idan teku ta fi ta sauri, nutsewa za ta yi ko ta matsa zuwa tudu. A Sapelo, tudun nan ya haɗa da gidaje da gonakin Hog Hammock.

8.0 Kammalawa

Tarihin Sapelo ya nuna cewa dokar 1970 ta tsaya a kan hujjar da ba a gama aunawa ba, kuma da an jira cikakkiyar shaida, da wataƙila babu fadamar da za a auna. Abin da ya kare mutuncin cibiyar shi ne, masananta ba su mayar da maganar magabatansu abin da ba a taɓawa ba. Sun sake gwada ta da sababbin kayan aiki, suka yar da abin da bai tsaya ba, suka samo wa fadamar dalilan kariya da suka fi na farko ƙarfi.