Komawa Gudun Dogon Zango Bayan Rauni

Ranar da ciwo ya ɗauke, ranar ce mai gudu ya fi shiga hatsari. Mutum ya yi wata biyu ko uku a zaune, abokan sassarfarsa suna wucewa ta ƙofar gidansa bayan sallar asuba, shi kuwa sai ido. Rannan sai ya taka ƙafa ya ji ta garau. Nan take ya zura kambas ya kama hanyar da ya saba, kilomita goman da yake yi a da ita ce a ransa. Kafin sati biyu ya dawo yana ɗingishi, wani lokaci a ƙafar da ta warke, wani lokaci ma a ɗayar. Masu nazarin raunin 'yan gudu sun daɗe da lura cewa babu abin da ke nuna wanda zai ji ciwo gobe kamar ciwon da ya taɓa ji a baya.

Dalili shi ne, sassan jiki ba sa dawowa tare. Idan mutum ya ajiye gudu, cikin sati biyu zuwa uku ruwan jininsa yana raguwa, numfashinsa ya gajarta. Amma da ya koma atisaye, zuciya da huhu suna saurin farfaɗowa, cikin 'yan makonni haki ya ragu. Tsoka na biye da su. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, jini kaɗan ne ke ratsa su, saboda haka ƙarfinsu watanni yake ɗauka. Ƙashi ma haka. Tun a 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi abu ne mai rai, yana sake ginin kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Idan aka daina ɗorawa sai ya yi sanyi. Abin lura kuma shi ne yadda ginin ke tafiya. Kamar magini ne da zai gyara katanga: sai ya fara cire tubalan da suka zaizaye kafin ya jera sababbi, a tsakanin nan kuwa katangar ta fi kowane lokaci rauni. Wanda ya ƙara gudu da yawa a wannan tsakani shi ne ke gamuwa da tsagewar ƙashi a ƙwauri ko a ƙasusuwan tafin ƙafa.

Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa na karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 ke nan yana sauke kilo 140 zuwa 210 a kan ƙafa ɗaya, kuma a rabin awa zai yi taku wajen 5,000. Ga shi ƙirji na ce masa ya ƙara, agara da ƙwauri kuwa ba su shirya ba, kuma ba za su yi magana ba sai ɓarna ta riga ta auku.

Duk da haka, kada a ɗauka kwanciya ce magani. Hutu yana kwantar da zafi, amma ba ya ƙara wa jijiya ƙarfin ɗaukar kaya. A 1998 wani likitan ƙashi a garin Umea na ƙasar Swidin, Hakan Alfredson, ya fitar da sakamakon aikin da ya yi da mutum 15 masu wasannin sa-kai da suka daɗe suna fama da ciwon agara. Bai kwantar da su ba. Ya sa su tsaya a bakin matakala, su ɗaga jiki a kan yatsu, sannan su sauke diddige a hankali da ƙafar da ke ciwo ita kaɗai, sau 15 a jere har zubi uku da gwiwa a miƙe, da wani zubi ukun da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, har sati 12. Dukkansu sun koma gudu. Daga baya an samo wasu hanyoyin ɗora wa agara nauyi waɗanda ba su kai wannan wahala ba, amma tushen bai canza ba: jijiya da aiki take warkewa, muddin aikin daidai ƙarfinta ne.

To, yaya mutum zai san daidai ƙarfinta? Wata masaniyar gashin ƙashi daga Swidin ɗin, Karin Silbernagel, ta gwada wani ma'auni mai sauƙi a 2007. Ka auna zafin daga sifili zuwa 10. Idan bai wuce 5 ba yayin motsa jiki, ya lafa kafin wayewar gari, kuma bai riƙa ƙaruwa daga mako zuwa mako ba, ana iya ci gaba. A ganina takun farko na safe, daga gado zuwa wurin alwala, ya fi kowane agogo faɗin gaskiya. Idan ƙafa ta fi jiya tsami, gudun jiya ya yi yawa.

Wannan rangwame na jijiya ne, ƙashi ba ya ciki, kuma a nan ake yin babban kuskure. Zafin da za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa yayin da gudu ke nisa, ko ya hana ka tsalle a ƙafa ɗaya, ko ya tashe ka cikin dare, ba a haƙuri da shi. A tsaya a ga likita. Haka zafi a matsematsi ko can cikin ƙugu, domin tsagewa a wuyan ƙashin cinya tana iya zama cikakkiyar karaya. A sani kuma, hoton ƙashi na farko sau da yawa ba ya nuna komai a makonni biyu ko uku na farko, don haka “an yi hoto ba a ga komai ba” ba izinin gudu ba ne. Irin wannan tsagewa ba ta son murza ko ja, ko a gida ko a wurin mai ɗori. Ɗauke mata nauyi take so, galibi sati shida zuwa takwas, wani wurin ma fiye. Ina kuma roƙon mai karatu ya guji haɗiyar maganin kashe zafi irin su ibuprofen ko diclofenac don ya samu ya fita gudu. Yana toshe bakin da ke gargaɗinka, kuma idan ya haɗu da zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki yana iya taɓa ƙoda.

Komawar kanta ba ta da wani asiri. Sai mutum ya iya tafiya da sauri ta rabin awa ba zafi, sannan ya fara cuɗanya gudu da tafiya: minti ɗaya yana sassarfa, minti biyu yana tafiya, rana ɗaya a fili rana ɗaya a gida. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1972, ya shafe shekaru yana koya wa talakawan 'yan gudu wannan salo, har wasu su kammala gudun famfalaki da shi, don haka ba abin kunya ba ne. A fara ƙara tsawon lokaci, sauri da hawan tudu su zo daga ƙarshe, kuma kada a ƙara abu biyu a mako ɗaya. Akwai ƙa'idar da ta yi suna cewa kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Da aka gwada ta a Groningen ta ƙasar Holan da sababbin 'yan gudu sama da 500, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna waɗanda suka bi ta da waɗanda ba su bi ba duk kusan kashi 20 cikin 100 sun ji rauni. Lissafi kaɗai ba ya kare ƙafa. Abin da bincike ya fi tsaya masa shi ne atisayen ƙarfafa tsoka: sha-raɓa, cinya da ƙugu, sau biyu a mako. Miƙe-miƙen jiki kafin gudu kuwa, duk da farin jininsa, ba a ga ya rage rauni ba.

Ba ƙafa kaɗai ke zaunar da mutum ba. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko taifot jininsa kan yi ƙasa, sai ya ba jiki lokaci da abinci. Gudu da zazzaɓi a jiki kuwa haramtacce ne a wurin likitoci, saboda zuciya. Mace bayan haihuwa ana ba ta shawarar ta jira aƙalla wata uku, ta fara da ƙarfafa tsokar mara. Mai son ya rage ƙiba ta hanyar rage abinci da ƙara gudu a lokaci guda, ƙashinsa yake cuta, don ginin ba ya yiwuwa babu kayan aiki. A ƙasa mai zafi kamar tamu, wanda ya daɗe bai fita ba sabonsa da rana ya tafi, kuma sai ya yi kwana 10 zuwa 14 kafin sabon ya dawo. A watannin bazara gara a gama kafin hantsi, a watan azumi kuma a mayar da shi bayan buɗa-baki. Kambas ɗin gwanjo a juya shi a duba ƙasansa: idan gefe ɗaya ya cinye, wani ya riga ya gudu da ƙarfinsa.

Saura abin da ya fi wuya, wato zuciya. Mai dawowa da tsohon kansa yake tsere, kuma labaran gwanaye na ƙara zuga shi. Gaskiya ne Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaki a Tokyo a 1964, ƙasa da sati shida bayan an yi masa tiyatar afendis. Amma Bikila soja ne da gudu ya zama aikinsa, da shekarun horo a jikinsa. Mai fita don lafiyarsa kafin ya tafi kasuwa ko ofis ba shi da abin da zai kwaikwaya a nan. Labarin da ya fi dacewa da shi na Paul Sinton-Hewitt ne. A 2004 rauni ya hana shi gudu, kewar abokansa ta dame shi. Ranar 2 ga Oktoba sai ya tara mutum 13 a dandalin Bushy da ke Landan, suka yi kilomita biyar, shi yana riƙe da agogo yana rubuta lokacin kowa, aka gama aka tafi shan kofi tare. Abin da ya zama parkrun ke nan, gudun kyauta na kowace Asabar da yanzu ake yi a ƙasashe sama da 20, inda mai tafiya da ƙafa ma ake rubuta masa lokacinsa kamar kowa. Da yawa daga masu barin gudu bayan rauni ba ƙafar ce ta hana su ba, rabuwa da jama'ar ce. Don haka ko ba ka isa gudu ba tukuna, ka fita filin a lokacin da kuka saba, ka riƙe wa abokai ruwa, ka zaga da ƙafa sau biyu ko uku yayin da suke nasu.