Ziyara Zuwa Lutterworth, Garin John Wycliffe

In Allah ya kai ka ƙasar Ingila, kada Landan ta cinye dukan kwanakinka. Ka ratse zuwa Lutterworth, wani ɗan gari kudu da birnin Leicester. Tun shekara ta 1214 Sarki John ya ba su izinin cin kasuwa. Ranar Alhamis take ci.

Amma abin da zai tsai da kai shi ne tsohuwar majami'ar St. Mary, wadda aka fara gininta shekaru fiye da 700 da suka wuce. Da shigarka sai ka ɗaga kai. A bango akwai tsohon zane na Ranar Shari'a, matattu suna fitowa daga kaburbura. Talakawan zamanin ba su iya karatu ba, Littafi Mai Tsarki kuwa da Latin yake. Zane irin wannan shi ne littafinsu.

A nan John Wycliffe ya yi aikin limanci daga 1374 har ya rasu a 1384. Ya nace cewa kowa ya cancanci jin Maganar Allah da harshensa, mabiyansa kuwa suka juya ta zuwa Turanci. Da hannu aka riƙa kwafe ta, gama ba a ƙago injin buga littafi ba tukuna.

Kada ka nemi kabarinsa. Shugabannin ikilisiya suka yanke cewa koyarwarsa bidi'a ce. A 1428 aka tone ƙasusuwansa aka ƙone, aka watsa tokar cikin Swift, rafin da ke gefen garin.