Inji Iri-Iri, Ma'auni Ɗaya: Nazari a kan Kayan Ban Ruwa a Fadamar Rima

Duk wanda ya yi tsokaci a kan sha'anin noman rani a fadamar Rima, daga Shinaka da Goronyo har zuwa Wurno, tun bayan da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, kuma shirin Fadama na Bankin Duniya ya yawaita ƙananan injinan ban ruwa a shekarun 1990, lalle zai tarar cewa jigo bai gushe daga garakan albasa da tafarnuwa saboda ƙarfin inji kaɗai ba, har da ittifaƙin da maƙera suka yi a kan ma'auni guda. Bakin famfo inci biyu ne ko uku, tiyo kuma bisa wannan ƙiyasi ake yinsa, ko daga wace ƙasa ya fito.

Musabbabin al'amarin ba dokar hukuma ba ce. Kamfanin Honda na Japan ya ƙera injinsa GX160, masana'antun ƙasar Sin suka kwaikwaye shi har mazaunin kusoshi, sannu a hankali kwaikwayo ya zama urfi, shi kuwa urfi, kamar yadda malaman fiƙihu suka tabbatar, matsayin sharaɗi yake ɗauka. Fa'idar haka a bayyane take, domin bakaniken ƙauye yana iya zare kafireta daga mataccen inji ya rayar da wani, ba tare da manomi ya yi tattaki zuwa Sakkwato ba alhali shinkafarsa tana jin ƙishi. Hatta lokacin da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga manoman Arewa kafireta kawai suka sauya, injin ya koma shan gas.

Saɓanin injin ban ruwa, a fagen wayar salula hukuma ce ta tilasta daidaiton: hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin kamfanoni a 2023, har *310# ta zama ta duba kuɗi a kowane layi, Tarayyar Turai kuma ta wajabta bakin caja na USB-C daga Disambar 2024.

Sai dai a kayan ban ruwa, illar da nake ganin ba a cika ambata ba ita ce, ma'auni girman ƙarfe yake ƙayyadewa, ba ya shaidar nagartarsa, don haka fistin na jabu yana zama daram a mazaunin na ƙwarai, algus ɗin kuwa ba ya tonuwa sai inji ya tsaya ana tsakiyar ban ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa manomi, duk da cewa kayan kowane shago suna shiga injinsa, yakan liƙe wa ɗan kasuwa ɗaya wanda ya jarraba amanarsa, ko da kayansa sun fi tsada.