Kafin a Sayi Sabuwa, a Duba Cikin Tsohuwa

A gidaje da yawa akwai kwamfutar tebur irin ta Dell ko HP, wadda aka saya a haɗe. In ta soma nawa, sai maigida ya ce ta tsufa, a nemi kuɗin sabuwa. Mu dakata tukuna, gama kuɗin makarantar yara yana jira.

Da fari mu san abin da ke cikinta. A Windows, in muka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shafin Performance za mu ga yawan RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki. In gigabait 4 ne, mu ƙara ya kai 8. Amma a lura, DDR4 ba ya shiga ramin DDR3, gama tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Saboda haka mu tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Sau da yawa kuma nawar daga tsohon faifan ajiya mai juyawa take. Mu kwafe hotuna da takardunmu, sa'an nan mu sa SSD a madadinsa.

Kafin mu sa hannu ciki, mu cire wayar lantarki, mu taɓa ƙarfen akwatin, kada lantarkin jikinmu ya lalata kayan da muka saya da guminmu.